ZAFIN BAZARA DA ZAFIN KWAMFUTA: Abin Da Kan Biyo Bayan Sabunta Windows

Garin Damri mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Bakura, a yankin nan na yammacin Jihar Zamfara wanda ya haɗa da Talata Mafara da Maradun, inda Madatsar Ruwa ta Bakolori take tun 1978. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a wannan yanki ya san cewa da tsakar rana zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, har ma ya wuce, kuma a ɗaki mai rufin kwano abin ya fi haka muni. A cikin irin wannan ɗaki ne malamin makaranta yake tsara sakamakon jarrabawa, ma'aikacin asibiti yake harhaɗa alƙaluman wata, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura yake buga aikinsa na ƙarshe. Tun daga 2015 kuma Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka yaron da ke neman shiga jami'a shi ma dole ya saba da ita.

Su kuwa kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, yawancinsu sun rubuta a takardunsu cewa laftof an yi ta ne don ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Watau ke nan tun kafin mai ita ya danna maɓallin kunnawa, laftof ɗin da ke Damri a watan Afrilu ta riga ta wuce iyakar da aka gindaya mata. Abin da ke riƙe da ita kullum shi ne wani tsari na kula da zafi da ke cikinta, rabinsa ƙarfe ne, rabinsa manhaja. To, wannan rabi na manhaja shi ne yakan rikice bayan an sabunta Windows, kuma rikicin da a Turai bai wuce fanka ta yi ɗan ƙara ba, a nan yana iya tsayar da aikin ofis baki ɗaya.

YADDA NA'URAR KE SHAN ISKA

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, ɗan ƙaramin abu ne da bai kai faɗin akwatin ashana ba, amma kusan duk wutar lantarkin da ta ci tana komawa zafi ne. A samanta akan shafa wani irin mai mai launin toka, sa'an nan a ɗora bututun jan ƙarfe wanda aka rufe bakinsa da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Ruwan yakan zama tururi a gefen da ke da zafi, ya tafi ɗaya gefen inda siraran ƙarafa suke jere kamar haƙoran matsefi, fanka ta hura musu iska, tururin ya koma ruwa ya dawo. Hikimar ba ta yi nisa da ta randa ba, wadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yake ɗauke zafi ya bar na ciki da sanyi.

Abin lura a nan shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin kawai take turawa. Idan wani aiki ya sa furosesa ta kai digiri 85 a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki wanda zafinsa 25 ne, to wannan aikin dai zai kai ta wajen 100 a ɗakin da zafinsa 40 ne. Digiri 100 kuwa shi ne iyakar yawancin furosesa na kamfanin Intel, wasu na kamfanin AMD ma 95 ne. Da ta kai nan sai ta rage wa kanta gudu don ta huce, in kuwa zafin ya ci gaba da hauhawa sai ta kashe na'urar ɗungurungum ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Saboda haka da wuya furosesa ta ƙone. Waɗanda ke jin jiki su ne batir, wanda zafi ke tsufar da shi har ya kumbura ya ɗaga madannai, da kuma aikin da mutum bai adana ba lokacin da na'urar ta ɗauke.

Masu ba da umurni a wannan sha'ani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai manhajar da kamfani ya dasa a jikin allon na'urar, watau BIOS, tare da wani ɗan ƙaramin mai lura wanda ke juya fanka ko da Windows ba ta tashi ba. A samansu akwai direbobi, watau ƙananan manhajoji masu yin tafinta tsakanin Windows da kayan ƙarfe. Shahararre a cikinsu shi ne na Intel wanda a da ake kira DPTF, daga baya ya koma Dynamic Tuning. Shi ne ke duba zafin furosesa da na batir da na jikin laftof, ya yanke yawan wutar da za a ba furosesa. A can sama kuma akwai manhajojin da mai na'ura ke gani da idonsa, na kamfanoni kamar HP da Dell da Lenovo, da kuma na kyauta irin su Fan Control da ThrottleStop. Sabuntawa guda ɗaya tana iya taɓa kowane hawa daga cikin waɗannan, har da BIOS, domin kamfanoni sukan aiko da sabon BIOS ta hanyar Windows Update, mai na'ura bai ma sani ba.

ABIN DA YA FARU A 2025

A watan Maris na 2025 masu kwamfuta a sassa da dama na duniya suka wayi gari Microsoft Defender, watau mai gadin da ke cikin Windows, ya kama wata manhaja mai suna WinRing0 ya tsare ta, yana cewa kayan aikin masu kutse ce. Nan take manhajoji da dama masu auna zafi da sarrafa fanka suka makance, ciki har da Fan Control da Libre Hardware Monitor da OpenRGB. Wasu suka ga fankokinsu suna gudu kamar za su tashi sama, wasu kuma suka ga tsarin da suka ɓata lokaci suna daidaitawa ya daina aiki.

Asalin maganar ya koma 2007, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Jafan, Noriyuki Miyazaki, ya rubuta WinRing0 ya sake ta kyauta. Aikinta shi ne buɗe wa manhaja ƙofa zuwa can ƙuryar Windows, inda ake iya karanta ma'aunin zafi kai tsaye a kuma yi wa fanka magana. Shi kansa ya daina kula da ita tun 2010, amma da yake tana da sa hannun amincewa wanda Windows ke karɓa, kuma samun sabon sa hannu yana da tsada da wahala ga mutumin da ba kamfani ba, sai jama'a suka ci gaba da gina manhajojinsu a kanta shekara da shekaru. A 2020 aka sanar da aibinta a hukumance, aka ba shi lamba CVE-2020-14979: ƙofar ba ta tambayar mai shiga ko shi wane ne. Ɓarayin da ke saka manhajar haƙar kuɗin intanet a kwamfutocin mutane a ɓoye sun daɗe suna amfani da ita, kuma abin mamaki, babbar alamar irin wannan sata ita ce na'ura ta yi ta zafi alhali mai ita ba ya aikin komai.

Haƙiƙa Microsoft tana da hujja, ko da yake ta bar dubban mutane cikin ruɗani ba tare da isasshen bayani ba. Shawarar da ta fi yawo a lokacin ita ce mutum ya umurci Defender ya kau da kai daga wannan manhaja. Wannan yana mayar da fanka kan aikinta, amma garin neman gira ne a rasa ido, musamman a kwamfutar ofis wadda ke ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu ko bayanan marasa lafiya. Kafin ƙarshen 2025 mai Fan Control, Rémi Mercier, ya fitar da sabon zubi wanda ya rabu da WinRing0 ya koma kan wata manhaja mai suna PawnIO. Wanda ke da tsohon zubi a yau, maganinsa shi ne ya cire shi ya sauko da sabo daga ainihin shafin mai shi.

Ba wannan ne karo na farko da tsaro ya ci karo da sanyaya na'ura ba. A Disamban 2019 masu bincike daga jami'o'in Birmingham da Graz da Leuven suka nuna cewa ana iya satar sirri daga furosesar Intel ta hanyar rage mata ƙarfin wuta, abin da suka raɗa wa suna Plundervolt. Rage ƙarfin wutar kuwa ita ce dabarar da masu laftof suka daɗe suna yi da ThrottleStop don rage zafi. Kamfanoni suka bi da sabon BIOS suka kulle wannan ƙofa a na'urori da yawa. Haka kuma Windows 11 tana da wani shinge mai suna Memory Integrity, da wasu makamantansa, waɗanda idan suna kunne sukan hana irin waɗannan manhajoji taɓa wutar furosesa. Mutum sai ya ga manhajarsa tana buɗewa lafiya, lambobin da ya saka suna nan, amma ba sa aiki, na'ura kuwa ta ƙara zafi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa sabuntawa ɓarna kawai take yi. A Yulin 2018 sabuwar MacBook Pro ta kamfanin Apple ta riƙa rage gudu saboda zafi, har wani mai sharhi, Dave Lee, ya saka tasa cikin firiza don ya nuna bambancin. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne a manhajar kula da zafi, ya gyara shi da sabuntawa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya rufe ƙofar sabuntawa har abada don tsoron zafi ya rufe wa kansa irin wannan gyara ke nan, ga kuma ƙwayoyin cuta.

TA INA ZA A FARA?

Abu na farko shi ne haƙuri. Bayan babbar sabuntawa Windows takan yi sa'o'i tana aikin bayan fage, tana sake lissafa fayiloli, tana sauko da direbobi, Defender kuma yana bincike. A wannan lokaci zafi da ƙarar fanka ba cuta ba ne. Ya kamata a bar na'urar a kunne a jikin wuta, a wuri mai iska, zuwa wayewar gari. Ga mutumin Damri ko Maradun wanda ya dogara da janareta ko sola, kuma layin waya ke zuwa yana ɗaukewa, wannan aiki yakan kakkatse ya ɗauki kwanaki, kullum aka kunna sai ya ɗora daga inda ya tsaya, mai na'ura kuwa ya ɗauka lalacewa ta yi. Don haka ya fi dacewa a yi sabuntawa da dare ko da sassafe, a ranar da aka tabbata akwai wuta da isasshen data. Windows tana ba da damar ɗage sabuntawa har tsawon mako biyar, kuma ɗalibin da ke daf da miƙa aikinsa ko akawun da ke shirya takardun albashi zai kyauta wa kansa idan ya yi amfani da wannan dama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

In kwana biyu sun wuce abin bai lafa ba, sai a auna, kada a yi kirdado. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, wanda ke nuna manhajar da ke cinye ƙarfin furosesa da kuma gudun da take yi. Manhajoji irin su HWiNFO ko Core Temp suna nuna zafin da lambobi. Daga nan hoton yakan fito fili. Idan furosesa tana cike da aiki alhali ba a buɗe komai ba, to wata manhaja ce ta maƙale ko ɓarawo ya shigo, ba laifin fanka ba ne. Idan aiki kaɗan ne amma zafi ya haura 90, to iskar ce ba ta wucewa ko fanka ba ta samun umurni. Akwai kuma hali na uku wanda ya fi rikita mutane: na'ura tana da sanyi, amma gudunta ya maƙale ƙasa da gigahaz ɗaya, tana rarrafe. A nan wani abu ne ke aika wa furosesa saƙon ƙarya cewa gidan ya kama da wuta. Sau da yawa direban Intel ne ya saɓa da sabuwar Windows, amma wani lokaci caja ce. Laftof ɗin Dell, alal misali, idan ba ta gane cajar da aka saka mata ba takan rage gudu da gangan, kuma caja marar asali ta cika kasuwa. Gwada caja ta ainihi ba ya cin ko kwabo idan abokin aiki yana da irinta.

Gwaji mafi sauƙi na raba gardama shi ne a kashe na'urar a shiga BIOS, a bar ta na 'yan mintoci. A can Windows ba ta da iko ko kaɗan. In fanka ba ta motsi ko na'urar ta yi zafi ta mutu a can ma, to a wanke Windows daga zargi, matsalar ta ƙarfe ce ko ta BIOS ɗin kanta.

In kuwa a BIOS lafiya lau take, sai a buɗe Windows Security a duba tarihin abin da Defender ya kama, ko akwai manhajar fanka a ciki. Sa'an nan a buɗe Device Manager a nemi alamar gargaɗi mai launin rawaya, musamman a sashen System devices inda direbobin zafi na Intel suke. Kowane direba yana da maɓallin Roll Back Driver na komawa kan tsohon da aka maye gurbinsa, muddin Windows ta adana shi. In babu, sai a ɗauki lambar da ke manne a ƙarƙashin laftof, a shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a sauko da direban da aka yi domin wannan samfuri. Wannan yana da muhimmanci, domin iyakokin zafi na kowace laftof kamfaninta ne ya tsara su daidai da girman fankarta, kuma direban da ya dace da wata ba lallai ne ya dace da 'yar'uwarta ba. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, waɗanda ake yawan zuba wa mutane a shagunan gyara, sun fi jawo wannan ciwo fiye da warkar da shi.

Akwai kuma hanyar komawa baya gaba ɗaya, amma tana da wa'adi. Bayan babbar sabuntawa Windows tana ajiye tsohon zubinta a wata jaka mai suna Windows.old na kwana 10 kacal, kuma a cikin waɗannan kwanaki ana iya zaɓar Go back a sashen Recovery. Da wa'adin ya cika sai ta share jakar, haka kuma in wani ya share ta da hannu don neman fili. Wannan wa'adi ba ƙaramin abu ba ne a yankin da tafiya zuwa wurin ƙwararren mai gyara a Gusau ko Sakkwato take buƙatar kuɗin mota da kuma nazarin lafiyar hanya. Mutanen Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe ba su manta da harin watan Mayun 2022 ba, wanda aka rasa rayuka da dama a cikinsa, kuma ba wanda zai ga laifin ma'aikacin da ya jinkirta tafiya saboda laftof. Amma kafin ya samu zuwa, kwana goman sun wuce, abin da zai iya gyarawa da kansa a zaune ya koma sai an goge na'urar an sake zuba mata Windows.

Kafin a gano bakin zaren, akwai dabarar rage zafi wadda ba ta buɗe wa ɓarawo ƙofa. A tsarin wutar Windows ana iya sauke na'urar daga matakin ƙarfi zuwa na tattali, a wasu na'urori kuma ana iya mayar da iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99. Wannan kashi ɗaya yakan hana ta yin tsallen gudun nan da Intel ke kira Turbo Boost, wanda shi ne ke kawo zafi mafi tsanani. Mai buga takarda ko lissafi a Excel da wuya ya ji bambanci.

TSOFAFFIN NA'URORI DA ƘURAR HUNTURU

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, sai ƙalilan. Da yawa daga cikin laftof na gwanjo da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata sun girmi haka. Masu gyara sun san hanyar tilasta wa Windows 11 shiga cikinsu, kuma takan shiga ta yi aiki. Abin da ba a faɗa wa mai na'ura shi ne kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa rubuta direban zafi na Windows 11 domin wannan samfuri ba, saboda haka tsohon direba ne ke lallaɓawa, kuma kowace babbar sabuntawa ta shekara tana iya ture shi. Wanda ke da irin wannan na'ura ya kamata ya adana direbobinta a filashi tun tana lafiya. Ofisoshin gwamnati kuwa, lokacin sayen sababbi, ya dace jami'in saye ya tambayi zubin furosesa kafin ya tambayi launi.

Daga ƙarshe akwai laifin da ake ɗora wa Windows alhali na hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka tana zuƙar ƙura, ƙurar tana taruwa a bakin siraran ƙarafan nan har ta zama kamar auduga. Da sanyi ba a lura, sai bazara ta shigo, sabuntawa ta sa furosesa aiki mai nauyi na sa'o'i, na'ura ta mutu, a ce sabuntawa ce ta kashe ta. Man da ke tsakanin furosesa da bututu shi ma yakan bushe bayan 'yan shekaru ya farfashe. Share ƙurar da sake shafa mai aikin rabin sa'a ne ga mai gyara, kuma lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Wajen hura iska a riƙe fankar da tsinke don kada ta yi gudun da ya wuce ƙarfinta. Laftof kuma ba ta son katifa ko darduma, domin ta ƙasa yawancinsu ke shaƙar iska. Faranti mai faɗi ko allo, da ɗan abin da zai ɗaga bayanta kamar faɗin yatsa biyu, sun wadatar. Idan kuwa aka ga madannai ko murfin ƙasa sun fara tasowa, to batir ne ya kumbura, sai a cire caja nan take, kada a sake kunna ta sai an canza shi.